Mi ya sa zoɓo ke baƙi in an jefa mishi kanwa?

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum ƴan uwa masoya shimi, wato kimiyyar sinadarai, barkanmu da war haka. Ina da tambaya dan Allah, kuma kada a yi mani dariya don na san ta yi kama da zancen madahi. Ƙanwata ce ke haɗa zoɓo na saidawa, jiya ta ɗanɗana ta ji tsami ya yi yawa sai innarmu ta ce ta ɗiga ruwan kanwa kaɗan ya kashe tsamin, to hannu ya zarce ta kwarara da yawa. Wurin da ruwan kanwar ya sauka sai da ya yi kumfa shuuu, sannan ina kallo zoɓon da ke ja jawur ya koma shuni-shuni, kafin a ce mi ya zama baƙi mai ratsin kore. Ta ɗebi kofi guda ta matsa lemun tsami ciki, wallahi ja ya dawo kamar ba a yi komi ba. Amma sauran da ta maida bisa wuta wai ko zai gyaru, da ya tafasa ko da anka matsa mishi lemu bai dawo ba, ya tsaya ruwan ƙasa haka nan, dole anka zubar.

To tambayata ita ce mi ke canza kalar, kumfar nan daga ina take, kuma don mi na kofi ya dawo na tukunya ya ƙiya? Sannan shin abin da ke sa zoɓo baƙi shi ne ke sa wake nuna da wuri ko kowane da dalilinshi? Ina tarminal D, ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, mun yi asid da baz bisa allo amma ban taɓa ganin an gwada ba. Malamai a taimaka.

Maman Hanifa

Wa alaikumus salam. Ɗana ni ban yi lakwal mai nisa ba amma zoɓo da awara su ne sana'ata, kuma abin da ka gani duk mai saida zoɓo ta san shi. Ka gaya ma ƙanwarka ba a kashe tsamin zoɓo da kanwa in ana son kala, ƙarin ruwa ake da sukari, in ma dole sai an sa to ɗan abin da bai kai ƙwayar gero biyu uku ba, shi ma za ta ga jan ya ɗan yi duhu. Mai saye da ido yake hwara sha, in ya ga ƙullin ya yi baƙi wucewa zai yi.

Mu dai abin da munka taso munka iske shi ne, miyar sure ana sa mata kanwa ko ruwan toka kuma ita ma tana kumfa, kuɓewa da lalo in an sa musu sai su tsaya kore shar kuma yauƙi ya ƙaru, ɗanwake babu kanwa ba ya yi, wake kau ba a magana. Kuma akwai wani abu da na lura, in kika yi gaugawar zuba tumatir cikin wake tun bai nuna ba to kin shiga uku, sai ki ƙone itacen gidan duka yana nan tsalam-tsalam. Awara ita kuma akasin haka take, ruwan tsami ko tsamiya muke zuba ma madarar waken suya ta dunƙule, in kanwa ta taɓa ta ba ta haɗuwa sam. Ni ma ina jiran malamai su hwaɗa muna dalili, mun daɗe muna yi ba mu san mi ya sa ba.

Mushe PC

Madalla da wannan tambaya. Ɗalibi, darasin asid da baz ɗin da kuke rubutawa ne ya biyo ka har gida, kuma Hajiya ta riga ta kawo rabin amsar, don duk abubuwan da ta lissafa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mu fara da ma'aunin pH tunda ka san shi. Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sørensen ne ya fito da shi a 1909, kuma abin da yake aunawa shi ne yawan H+, wato hidrojen mai cajin + da ke kawo tsami, da ke yawo cikin ruwa, ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 baz ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, zoɓo tsakanin 2 da 3, nono tsakanin 4 da 5, ruwa tsantsa 7, bikarbonat ɗin da ake saidawa a butik 8 da ɗan ɗoriya, ruwan kanwa mai kauri wajen 10, sodar sabulu 13 zuwa 14. Abin da ɗalibai ke mantawa kullum ranar jarrabawa shi ne kowane taki ɗaya ninki 10 ne, ba ƙari 1 ba. Wato daga 3 zuwa 10 H+ ya ragu sau miliyan 10. Ka ga ba ƙaramin juyi ƙanwarka ta yi wa tukunyar nan ba.

Jan zoɓo kuma wani sinadari ne da ake kira antosiyanin, a zoɓo iri biyu ne suka fi yawa, delfinidin da siyanidin, kowane ɗauke da ɗan sukari manne a jikinsa. Danginsu ne ke cikin bawon jar albasa da jan kabeji da inabi. Launin kowane abu ya danganta da wane sashen haske ya haɗiye, wanda ya bari shi ne ke isowa idonka. Cikin tsami ƙwayar antosiyanin tana da wata siffa mai cajin +, wannan siffar hasken kore take haɗiyewa, sai mu ga ja. Da kanwa ta shigo sai ta riƙa kwashe H+, har wanda ke jikin antosiyanin ɗin ta fizge, lantarkin cikin ƙwayar ya sake zama, sai ta koma haɗiye rawaya da ruwan lemu, mu kuma mu ga shuni sannan shuɗi. In aka ci gaba da ƙara kanwa sai zoben tsakiyar wasu ƙwayoyin ya buɗe su zama rawaya. To shuɗi da rawaya in sun gauraya mi za ka gani? Kore. Baƙin da ka ce kuwa saboda zoɓon na da kauri ne, ka tsarma shi da ruwa sosai ka sake gwadawa cikin kofin gilashi ka ɗaga wa rana, za ka ga launukan ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da na kofi ya dawo shi ne H+ kawai aka cire, ƙwayar tana nan lafiyarta lau, da lemu ya maido mata H+ sai ta koma siffarta ta farko. Na tukunya kuwa abu uku suka taru a kanta, baz da zafin wuta da iskar oksijen, a nan ba siffa ta canza ba, ƙwayar ce ta kakkarye ta zama guntaye, guntayen kuma suka haɗe da juna suka ba da ruwan ƙasa. Ko buhun lemu za a matsa ba zai ɗinke ta ba.

Kumfa kuma iskar CO2 ce, ita ce dai ke tashi in ka buɗe kwalbar Coca. Rubuta ka ajiye don tana fitowa a bak, jarrabawar gama sakandare: Na2CO3 + 2H+ → 2Na+ + H2O + CO2. Asid ɗin yana cikin zoɓon tun asali, akwai sitrik akwai malik da wasunsu, karbonat ɗin kuma daga kanwa. Wanda ya sha ruwan kanwa saboda ƙwannafi ya yi ta gyatsa, wannan lissafin ne ya gudana cikin cikinsa, sai dai can asid ɗin HCl ne.

Ita kanwar kanta ba abu ɗaya ba ce tsantsa. Ƙashin bayanta karbonat da bikarbonat na sodiyom ne, sau da yawa haɗe cikin wani dutse da ake kira trona, Na2CO3·NaHCO3·2H2O, sannan ga gishiri ga sulfat ga yashi da laka, shi ya sa in an jiƙa ta ake samun ƙasa kwance a gindin kwano, shi ya sa kuma ungurnu da jar kanwa da farar kanwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tana samuwa ne a kwarin da ruwa ke taruwa ba ya da mafita, ruwan ƙasa ya taso da sinadaran da ya narkar, rana ta shanye ruwan da rani ta bar ɓawon a sama. Haka ake samunta a kwaruruwan Manga wajen Maine Soroa da Gudumariya, da bakin tafkin Cadi, da Dallol Boso. Misirawan da ma da irinta suke busar da gawar fir'aunoninsu, daga Wadi Natrun suke ɗibo ta.

Af, kuma kada ka raina gwajin ƙanwarka. Robert Boyle na Ingila a 1664 da ruwan wata fure mai shuni ya riƙa bambanta asid da baz, ja cikin asid kore cikin baz, daidai abin da ya faru gidanku. Maganar wake na bar wa ɗalibanmu na jami'a, aji na jirana.

Na Tibiri

Malam Allah shi ƙara basira, amma ni ina da ja kaɗan. Ai kanwa da toka abu guda ne, kakata in babu kanwa karan hatsi take ƙonawa ta zuba tokar cikin ƙwarya mai huji ta tsiyaye ruwan, kuma aikin guda yake yi cikin miya, to yaya za a ce dutse daga Manga da kara daga gonarmu su yi aiki guda in ba abu guda ba ne? Sannan ni a sanina kanwa magani ce, ana ba dabba ana ba mai jego ana sha don ciki, ban taɓa jin ta yi ma wani komi ba. Kuma har yanzu ba a amsa na wake ba, ni shi ne ma ya hi damuna don ni gwauro ne ni ke dahuwata.

Ƴar Jami'a

Yaya Na Tibiri sannu da gwauranci, Allah ya kawo ta gari. Ni ɗaliba ce a sashen shimi nan jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya.

Aikinsu ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne. Abin da ke aikin shi ne karbonat, CO3 ɗin nan, shi ke kwashe H+, kuma duka biyun suna da shi. Bambancin yana ga abokin tafiyarsa, a kanwa sodiyom ne, a toka potasiyom ne, don tsiro potasiyom yake zuƙa da yawa daga ƙasa, in aka ƙone kara sai ya rage cikin tokar a matsayin K2CO3, ruwan da kakarka ke tsiyayewa shi yake wankowa. Masu sabulu sun san bambancin ko da ba su san sunan ba, sabulun da aka yi da ruwan toka irin sabulun salo laushi gare shi, wanda aka yi da soda mai sodiyom shi ke yin tauri a yanka shi sanda-sanda. Su ma Turawa sun daɗe suna ruɗa su, kuma sai a 1807 Humphry Davy ya iya ware ƙarfen potasiyom da na sodiyom kowane daban da wutar lantarki.

Yanzu wake. Ƙwayar wake ƙananan ɗakuna ne birjik da ido ba ya gani, kuma abin da ya manne su da juna sunansa pektin, kamar dai laka tsakanin tubali. Ita pektin ɗin dogayen zarurruka ce, kalsiyom da maganiziyom ne ke ƙulle zare da zare, kowane yana da caji 2 don haka yana kama nan ya kama can. Nunar wake ba komi ba ce illa wannan mannin ya saki, ruwa ya shiga, sitacin ciki ya kumbura. Kanwa ta hanya biyu take kai hari. Na farko sodiyom yana ture kalsiyom ya zauna wurinsa, shi kuma cajinsa 1 ne ba ya iya ƙulla zare biyu, karbonat kuma ya kama kalsiyom ɗin da aka ture ya maida shi alli ya kwanta. Na biyu, cikin ruwa mai baz da zafi zaren pektin ɗin kansa tsintsinkewa yake. Ga kuma ƙari, in ana tafasa bikarbonat yana sakin CO2 ya koma karbonat, wato ƙarfin kanwar ƙaruwa yake bisa wuta.

Daga nan za ki ga amsar tumatir ɗinki Mama, tsami yana hana pektin tsinkewa, don haka tumatir da tsamiya da lemu sai wake ya nuna ake sa su. Haka ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa da kyau cikinsa, kalsiyom ne ya yi masa yawa, wake na daɗewa a cikinsa. Tsohon wake da ya sha zafin rumbu shi ma taurin kai gare shi.

Koren kuɓewa da lalo kuma klorofil ne, a tsakiyar ƙwayarsa akwai maganiziyom guda ɗaya zaune. In ana dafa ganye asid ɗin da ke cikin ganyen kansa yana fitowa, H+ ya tsige maganiziyom ɗin ya shige wurin, sai kore ya koma fatsi-fatsi irin na ganyen da ya daɗe a wuta. Kanwa tana kashe asid ɗin kafin ya yi wannan aika-aika. Awara kuwa furotin ɗin waken suya yana da cajin − cikin madarar, ƙwayoyin na ture juna shi ya sa suke warwatse, da an zuba ruwan tsami pH ya gangaro wajen 5 cajin ya mutu sai su rungume juna su dunƙule. Kanwa ƙara musu cajin take, ina za su haɗu. Nono ma haka yake kamawa.

Wanda ya fi burge ni duk cikinsu daudawar batso ce, ta gurguzu, ƴaƴan shi wannan zoɓon dai da muke magana. Ana dafa gurguzun da ruwan toka ko kanwa ya yi laushi sannan a rufe shi ya kwana biyu uku, wasu ƙwayoyin halitta dangin Bacillus su cinye furotin su saki amoniyak, shi ne warin nan da ke shiga hanci har maƙwabta su san ana yi. Nono da ƙullu tsami suke yi in sun kwana, ita daudawa sama pH ɗinta ke yi.

Amma fa Yaya ba kyauta kanwa ke wannan aikin ba. Bitamin B1 da wake ke da shi da yawa ba ya jure baz da zafi, haka bitamin C na ganye, in kanwa ta yi yawa kana cin wake mai laushi wanda an rage masa amfani, ga ɗanɗanon sabulu-sabulu, ga shi ya yi jajaja ya dame. Ko da yake ba kullum baz ke ɓarna ba, mutanen Meziko tun zamanin da suke dafa masara da ruwan farar ƙasa, wannan kuwa sako bitamin B3 yake daga inda yake ɗaure cikin masarar, ya tsare su daga cutar da ke kama masu dogaro da masara zalla. Maganar magani kuma akwai waɗanda suka fi ni sani a nan.

Inna Ungozoma

Salamu alaikum. Ni a likita nike aiki ɓangaren masu haihuwa, kuma maganar ɗan uwana Na Tibiri cewa kanwa ba ta taɓa yi ma kowa komi ba ita ta sa na kasa yin shiru.

Ƴata ta jami'a ta ce sodiyom ne cikin kanwa, to ku riƙe wannan. Abin da ke tada hawan jini cikin gishiri shi ne sodiyom ɗin. Gishiri gram 100 yana da sodiyom wajen gram 39, trona tsantsa da Malam ya rubuta in kun yi lissafin nauyinta za ku samu wajen gram 30, ba nisa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba kada ya wuce gram 2 na sodiyom a yini, wato gishiri gram 5, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Matsalar ita ce kanwa ba ta da zartsin gishiri a baki, sai mu ce ma tsohuwa mai tansiyo, wato hawan jini, ta rage gishiri da Maggi, ta rage tsakani da Allah, amma kunun kanwa da ɗanwake da wake da miyar kuɓewa suna nan kullum, ta dawo awo jinin bai sauka ba tana mamaki.

Ga masu jego abin ya fi nauyi. Mace bayan haihuwa jikinta na ɗauke da ruwa mai yawa da zai fita sannu a hankali, sodiyom kuma riƙe ruwa yake cikin jiki, ga wankan ruwan zafi safe da yamma har arba'in, wasu wuraren har da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, duk zuciya ce ke ɗaukar wannan kaya. Likitoci a Zariya ta Najeriya tun shekarun 1970 suka rubuta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da suke gani, suka danganta shi da kunun kanwa da wannan gashin. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba su kaɗai ba ne, a Yamai an gano ƙarancin wani sinadari seleniyom cikin jinin matan da ke da ciwon, ga hawan jinin ciki ga rashin abinci mai kyau. Don haka ba na ce kanwa kaɗai ce mai laifi ba. Amma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta ɗan yi tafiya, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari da dare, dan Allah a aje kunun kanwa a kawo ta likita ranar, kada a ce sanyi ne a ƙara mata kanwa, wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Maman Hanifa

Inna ungozoma na ji kuma na gode, maganar masu jego ba ni da ja don ni ma na san wadda ta kumbura haka. Amma ta wake ku yi muna adalci, ku da kuke cewa a rage kanwa kun san nawa itace yake yanzu, gawayi fa, gaz kau ba kowa ke da shi ba. Mai saida shinkahwa da wake da za ta hita da kwanonta kahin yara su tahi lakwal ba ta da lokacin zaman jiran wake, in ba kanwa to da mi za ta dahwa shi, bitamin ɗin da ba a gani ko itacen da ake saye da kuɗi?

Ƴar Jami'a

Gaskiyarki Mama, ni ma ban ce a daina ba. Dabarar ita ce a maida aikin kanwar cikin jiƙo maimakon cikin tukunya. A jiƙa waken tun dare da ɗan ruwan kanwa kaɗan, ko ma gishiri kawai don shi ma sodiyom ɗinsa na ture kalsiyom, da asuba a zubar da ruwan a ɗauraye a ɗora da sabon ruwa. Canjin kalsiyom da sodiyom ya riga ya faru cikin dare ba tare da wuta ba, waken ya sha ruwa, zai nuna da wuri, kuma yawancin kanwar ta bi ruwan da aka zubar ba ta shiga cikin mutane ba. Ruwan jiƙon yana tafiya da wani kaso na sukarin da ke kumbura ciki ma. Kuma a riƙa jiƙa kanwa a tace a yi amfani da ruwan sama, a bar jefa dunƙulen cikin tukunya, don ta haka ne hannu ke zarcewa ga yashi a haƙori.

Mushe PC

Na dawo na tarar an yi nisa, madalla. Ɗalibi ga aikin gida. Jiƙa zoɓo mai kauri ba sukari, tsoma farar takarda mai shan ruwa ciki, shanya ta a inuwa, yanka ta siri-siri, ka samu takardar gwajin pH ta kanka ba ka kashe ko dala ba. Ɗiga mata ruwan lemu, tsamiya, nono, ruwan pampo, ruwan toka, ruwan kanwa, ruwan Omo, ka jera su daga mafi ja zuwa mafi kore ka rubuta. Ba za ta ba ka lamba daidai ba amma za ta nuna maka wa ya fi wa.

Gargaɗi biyu tunda na san halin ƴan tarminal in sun fara gwaji. Jabel, ruwan nan na cire tabo a tufa, za ta ruɗe ka, ita ma baz ce amma in ka ɗiga ta launin gaba ɗaya zai ɓace ya koma fari-fari, ba aikin pH ba ne wannan, cinye antosiyanin ɗin take kamar yadda take cinye tabo a tufa. Kuma kada ka kuskura ka haɗa jabel da wani abu mai tsami, ko lemu ko binegar balle asid ɗin wanke ban ɗaki, iskar klor ke tashi, wadda aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na farko a 1915, cikin ɗaki rufe tana iya kwantar da mutum. Na biyu sodar sabulu ba abin wasa ba ce, tana cin fata tana makantarwa. Masu yin sabulu a gida su riƙa zuba soda cikin ruwa sannu-sannu, ba ruwa bisa soda ba don zafi take fitarwa ta yi tsartuwa, kuma ban da tukunyar alminiyom, cinye ta take tana fitar da iskar hidrojen mai kama wuta, roba mai kauri ake sa. Ko kanwa in tana kwana cikin tukunyar alminiyom za ku ga cikin ya dushe ya yi baƙi.

Ɗan Bagalam

Na gode ƙwarai Malam da kowa da kowa. Na yi takardar, lemu da tsamiya ja, nono ja mai haske, ruwan pampo shuni-shuni, Omo da toka kore. Sai dai wata tambayar ta taso, karan dafi da ake sa ma shinkafa da wake ai tare da kanwa ake sa shi kuma a tafasa shi sosai, don mi shi yake ƙara ja maimakon ya lalace kamar zoɓo?

Ƴar Jami'a

Ƙanena ka fara tunani irin na ƴan labo. Launin karan dafi ɗan uwan antosiyanin ne amma ba shi ba, babban cikinsu sunansa apijeninidin. Bambancinsu ɗan ƙarami ne, a kan karbon na 3 na zoben tsakiya inda na zoɓo ke da oksijen riƙe da sukari, shi na karan dafi babu komi wurin sai hidrojen, kuma wannan wurin ne ƙofar da na zoɓo ke karyewa ta nan. Don haka yana jure zafi yana jure baz. Launinsa ma juye yake, cikin tsami rawaya-rawaya ne zuwa ruwan lemu, sai an sa kanwa yake fitowa ja sosai kuma ya fi narkewa cikin ruwa. Shi ya sa dukawa da karan dafi da ruwan toka ko kanwa suke rina jar fatar akuya. Jiƙa shi kashi biyu, ɗaya da lemu ɗaya da kanwa, ka turo mana hoton.